Kainuwar da Baba Ya Zuba Mini a Tanki

Anti Maryamu, assalamu alaikum. Ki taimake ni da shawara kafin Juma'a, don in Juma'a ta same ni a yadda nake ɗin nan, to na bar gidan ubana ke nan.

Ni saurayi ne, ina zaune da iyayena a Kurmin Sarki, nan Suleja. Aikin tagogin gilashi nake yi a wani shago a Madalla. Daga sakandare ban wuce ba, amma babu mai ce mini jahili, don duk abin da ya shiga raina sai na bi shi a waya na karanta, Turancin da ya fi ƙarfina in yi ta tono har in gane. Haka na faɗa harkar shuke-shuken cikin ruwa. Da ragowar gilashin shago na haɗa tankin kifi da hannuna, na kafa shi a falo jikin taga, saboda ɗakinmu na samari duhu gare shi kamar rijiya, ga wutar nan tamu da kin san halinta.

Anti, mutane gani suke duk abin da ya tsiro a ruwa ɗaya ne, ka zuba kawai. Ba haka ba ne. Akwai mai son haske, akwai mai son inuwa, akwai mai haɗama da zai shanye abincin ruwan ya bar na kusa da shi da yunwa. Sanin wa zai zauna da wa shi ne aikin gaba ɗaya. Ni masu son haske na zaɓa: wata jar shuka da ake kira ludwijiya a baya, sai wata 'yar ciyawa mai kama da gashi a gaba. Har Abuja na je na samo su wurin wata mai sayar da irinsu, Funmi. Ciyawar nan silli-silli na dasa ta da tsinke, na yi watanni ina jira, sai da ta shimfiɗu kamar darduma.

Babana direba ne, ya yi ritaya ya koma noma. Tun da na fara, bai taɓa yi wa tankin nan kallon arziki ba. Kullum maganarsa ita ce mutane na nome ciyawa, shi kuma nasa ɗan yana renonta a gilashi kamar jaririya. In ya yi baƙi ya nuna musu, a yi ta dariya ina tsaye. Duk na haɗiye.

To sai oga ya tura mu wani aiki Minna, muka kusa wata a can. Na bar wa ƙanwata Ikilima amana, na ce ta ba kifi abinci kawai, kada kowa ya taɓa komai. Ranar da na dawo na shiga falo, kai tsaye na nufi tankin. Saman ruwan kaf ya rufe da kainuwa. Wai Baba ne ya ɗebo ta a bokiti daga wani kududdufi kusa da gonarsa, ya ce saman tankin ya yi fayau, kifi ma suna son inuwa. Ita kuwa kainuwa me take jira? Ta hayayyafa ta toshe hasken, saiwoyinta suna reto har ƙasa. Jar shukata ta koɗe ta zubar da ganye, ciyawar ta yi rawaya tana ruɓewa. Ga ƙananan dodon koɗi ko'ina a jikin gilashi, ga wani mugun ƙwaro da ya biyo ta ya cinye mini 'ya'yan kifi.

Ban tsaya cire takalmi ba. Na kwashe ta tas na watsa a kwatar ƙofar gida. Daidai nan Baba ya dawo daga sallar la'asar shi da maƙwabta, ya tsaya ya kalli kwatar, ya kalle ni, ya wuce ciki. Tun ranar ko na gaishe shi ba ya amsawa. Sai ta bakin Umma ya aiko: ko dai in nemo kainuwa in mayar a tankin kafin Juma'a, ko tankin ya bar masa gida.

Umma ta ce abin da uba ya kawo da hannunsa ba a zubar da shi a kwata, ko mene ne shi. Kawuna ya ce in je in durƙusa. In durƙusa a kan me? Wa aka yi wa ɓarna? Da ni ne na shiga gonarsa na watsa abin da na ga dama a cikin masararsa, da yanzu unguwa ta taru a kaina. Amma ni da yake yaro ne, wahalata ba wahala ba ce. Ba zan mayar ba, Anti. In mayar in zauna ina kallon sauran suna mutuwa don a ce ina da ladabi? Abokina Kelechi ya ce in kawo tankin ɗakinsa a Madalla, har ni ma akwai wurin katifa. In tankin nan ya fita, tare za mu fita.

Ki faɗa mini gaskiya, kuma don Allah kada ki ce mini in yi haƙuri kawai. Wannan kowa ya riga ya faɗa.

Naki,
Mai Tankin Gilashi, Suleja

AMSA

Ɗana, wa alaikumus salam. Ba zan ce ka yi haƙuri kawai ba.

A kan shuka kana da gaskiya. Na tambayi wata ƙawata Adenike da ke kiwon irin waɗannan, ta ce kainuwa in an sake ta ba ta zama lafiya da masu son haske, kuma ba a ɗauko tsiro daga kududdufi a jefa a tanki kai tsaye. An yi maka ɓarna, an kuma daɗe ana maka dariya, kuma sharaɗin da Babanka ya gindaya ya yi tsauri.

Amma sake karanta wasiƙarka. Mutumin da ka ce bai taɓa kallon tankinka ba, shi ne ya tsaya ya lura samansa ya yi fayau. Dattijo ya shiga taɓo, ya ɗauko bokiti tun daga gona har falo. Wanda ya raina abu ba ya yi masa wannan wahalar. Irin iyayenmu ba sa iya buɗe baki su ce aikinka ya burge su, sai dai su kawo wani abu. Ya kawo, bai san zai yi ɓarna ba, ya tarar da shi a kwata a gaban abokan sallarsa. Ba kainuwa yake nema ka mayar ba, ɗana.

Saboda haka raba abu biyun. Cire ta daidai ne. Kwatar ce kuskure, kuma a kanta kaɗai za ka ba da haƙuri. Kada ka aika Umma ko Kawu. Ka je da kanka, ka durƙusa, ka faɗa a taƙaice, ban da "amma".

In ya sauko, ka yi masa bayani da harshen da ya sani. Manomi ne. Ka tambaye shi ko zai shuka gyaɗa a ƙarƙashin mangwaro. Zai gane kafin ka rufe baki.

Sannan akwai hanyar cika sharaɗinsa ba tare da ka kashe komai ba. Ka samo kainuwa kaɗan, ka wanke saiwarta, ka bar ta a baho na 'yan makonni har ka tabbata babu ƙwari. Ka lanƙwasa siririn tiyo ya zama zobe, ka ɗaure shi a kusurwa ɗaya yana yawo a saman ruwa, ka sa ƙanana biyu ko uku a ciki, kana rage su duk sati. Ƙarƙashin wannan kusurwa ka sa mai son inuwa, irin anubiyas, a ɗaure ta jikin dutse, kada a binne gindinta. Sauran tankin ya ci gaba da shan haskensa. Adenike ta ce kainuwa 'yar kaɗan ma tana rage gansakuka, kuma 'ya'yan kifi na ɓuya a saiwarta. Ka nuna wa Baba bahon kafin Juma'a, ya ga an kama hanya.

Zancen Madalla kuwa, ka ajiye shi. Namiji na barin gida, amma da sallama da addu'a, ba da katifa a ka da fushi a ciki ba. In ka fita a haka, Umma da Ikilima za ka bar wa zaman gidan.

Wataƙila ranar farko ba zai amsa ba. Ka koma washegari, ka sake durƙusawa. Kai da ka iya jiran ciyawa, za ka iya jiran mahaifinka.

Allah ya huci zuciyarsa, ya sanyaya taka, ya sa albarka a aikin hannunka.

Anti Maryamu