Yarinyar Wajen Inna

Litinin, 1 ga Maris, 1954

Yau aka tara mu a Rabah, mu malaman elementare. Baturen makaranta ya ce duk wanda bai ci jarrabawar Turanci ba a ƙarshen wata, ya bar aji. Shekara goma sha ina koyarwa a Wurno, yanzu ni ne a kan benci. Mai koya mana kuwa Zayyanu ne, wanda ni na koya masa riƙe alli. Yau shi ne Malam. Haushi kamar ya kashe ni.

Alhamis, 4 ga Maris

Yau ginin jimlar Turanci aka koya mana: mai aiki a gaba, sai aikin, sai abin da aikin ya faɗa wa. Mutum ya shuka albasa. Mace ta daka gero. Wannan ko jakina zai iya.

Asabar, 6 ga Maris

An ce kowa ya rubuta labarin ɗansa na fari, wai shi za a kai wa Bature. Dubi rashin ta ido! Wa ke zancen ɗan fari? Na rubuta layi uku: Yarinya ta zauna a Kwargaba. Ƙyanda ta kama yarinya. Yarinya ta rasu.

Zayyanu ya karanta, ya sunkuyar da kai. "Malam, Allah shi gafarta maka, wanga ƙashi na, ina naman? Mi as sunanta? Yaya kamanninta? Bature ba ya karɓar haka."

Na ce masa ni ba mara kunya ba ne.

Talata, 9 ga Maris

Na zauna zan ƙara naman. Doguwa ce? Ban sani ba. Tun yaye kakarta Inna ta ɗauke ta, kamar yadda ake yi. In na je gaisuwa ta shigo, ni in dubi bango, ita ta dubi ƙasa. Haka ubana ya yi da ni, kuma ban mutu ba. Ko ranar jana'iza ban yi hawaye ba, har aka yaba.

Shekararta bakwai. Wannan kaɗai na ƙara.

Juma'a, 12 ga Maris

Na zo gida. Matata Habi na tankaɗe, na tambaye ta kamannin yarinyar wajen Inna. Na ce aikin gwamnati ne, in babu shi babu albashi.

Ta ajiye rariyar. Can ta ce, "Wushirya gare ta. Da hagu taka ci, Inna ta yi faɗa har ta gaji. Tsoron kwaɗi. In ta ji ƙarar kekenka takan hau turmi ta leƙa ta katanga, sai ka shigo ta sauka."

Na ce ita da ba ta ko kallonta, ina ta san wannan? Ta ce, "Ni ina kallo in babu kowa."

Ban ci tuwo ba.

Lahadi, 14 ga Maris

Na rubuta duka. Turmin, kwaɗin, hannun hagun. Sunan ma na sa, Kyauta. Da harshen Nasara ya fito, tunda da nawa bai taɓa fitowa ba. Allah ya isa tsakanina da jarrabawar nan.

Laraba, 31 ga Maris

Na ci. Bature ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin wurin turmin, wai nan ya fi burge shi. Burge shi! Zayyanu ya so ya karanta wa sauran malamai, na fizge takardata. Aji dai ya zauna a hannuna, kuma ban ji daɗin komai ba.

Asabar, 3 ga Afrilu

Da hantsi na kira Lami, ƙanwar Kyauta, na ce ta tsaya a gabana.

"Baba, mi na yi?"

"Ba ki yi komi ba. Tsaya dai."

Ba don wani abu ba ne, hasken wurin ne ya yi kyau. Tana da tawadar Allah a ƙarƙashin kunnen dama. Haƙorinta na gaba ɗaya yana girgiɗi.