Inabin da Ya Shekara Bakwai a Garwa

Gargaɗi gare ki mai karatu: in kina cikin iyayen da ke yanke wa yaro hukunci tun ba su duba da idonsu ba, ajiye abin da ke hannunki ki karanta wasiƙar nan har ƙarshe.

Assalamu alaikum Hajiya Hajaratu. Don Allah ki taimake ni, abu biyu ke neman kuɓuce mani, na rasa wanda zan fara tarewa.

Marigayi maigidana malamin asibiti ne. Muna Faskari wani abokin aikinsa ya ba shi reshen inabi, ya dasa a garwar kananzir, don ma'aikacin gwamnati ba ya dasa abu a ƙasa, yau yana nan, gobe takardar canjin wuri ta zo. Da garwar nan muka tafi Sabuwa a bayan akori-kura, ina rungume da ita duk hanya, da ita kuma muka dawo Ƙanƙara. Shekara bakwai ke nan. Malam ya rasu bara waccan. Babban ɗana, Allah ya yi masa albarka, da ya karɓi kuɗin Udoji, ƙarin albashin nan na ma'aikata, sai ya daɓe mana tsakar gida kaf da siminti, ko inda kaza za ta yi tono babu. Inabin yana garwarsa, ya bi igiya ya yi rumfa a ƙofar ɗakin Malam, inda yake zama da la'asar yana sauraron rediyo.

Da shigowar bazara ganyen ya fara rawaya yana zuba. Ni mace ce mai tsari, na yi makarantar 'yan mata, kowa a gidana da aikinsa. Ban ruwa safe da yamma aikin 'yata Suwaibatu ne, shekararta goma sha huɗu. Amma duk sanda na sa yatsa a garwar sai in ji ƙasa a bushe ƙayau. In tambaye ta, ta rantse ta zuba. Ga siminti a jiƙe kuwa, sai na ɗauka a gefe take watsawa don ta rufe mani ido. Na kira ta maƙaryaciya a gaban baƙin da suka zo daga Mabai. Na ce da ta damu da mahaifinta da ba ta bar shukarsa ta mutu ba. Sati uku ke nan, daga gaisuwa ba ta ƙara mani komai, a ɗaki take cin abinci. Shekaranjiya ta aiko ƙanwarta ta roƙe ni in bar ta ta koma wajen gwaggonta a Ƙetare.

Na zuba takin zamani cikin tafin hannu biyu, ganyen ya ƙara ƙonewa. Ɗana ya ce a jefar, zai sayo mani furen roba daga Kano. Hajiya, inabin nan zai tashi? Yarinyar kuma in ƙyale ta ta tafi, ko in ƙara matsa mata?

Uwa mai damuwa, Ƙanƙara

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Gobe da safe ɗauki buta da hannunki ki zuba wa garwar ruwa, ki tsaya ki kalla. Kafin ki ajiye butar za ki ga ruwan ya bi gefe ya fito ta gindi. Shekara bakwai a garwa ɗaya, saiwa ta cinye wurin ƙasa, ta naɗe kanta kamar gammo, ba abin da zai riƙe ruwa. Suwaibatu gaskiya ta faɗa maki.

Ban ga laifinki ba da kika raba aiki kike bin sawu, haka ake tarbiyya, kuma zafin rashi ne ya yi magana da bakinki. Amma kin zarge ta da abin da ba ta yi ba, a gaban mutane, har kin sa sunan mahaifinta a ciki. Wannan hakki ne a kanki. Ita ma ƙaurace wa uwa ba hali ne mai kyau ba, sai dai ke kika fara, ke za ki gyara.

Inabin kuwa, karce bawon reshe da farce. In kin ga kore yana da rai, kuma ina kyautata zaton yana da shi. Jira ruwan farko ya sauka. Ana gobe za ki yi aikin, tsoma garwar a babban baho ta kwana. Washegari da la'asar rage kashi ɗaya cikin uku na rassan, ki bar sauran a igiyarsu. Kada ki finciko shi ta wuya. A kira maƙeri ya tsage garwar daga sama har ƙasa. Da wuƙa mai kaifi, wankakkiya, yanke kaurin yatsa biyu daga gindin dunƙulen saiwar, ki tsaga gefensa wuri huɗu, ki warware waɗanda suka kewaye da yatsunki. Baƙaƙe masu wari a yanke, farare su ne masu rai.

Sabon mazauninsa kuwa, rabin ganga zai yi, a huhhuda gindinsa, a shimfiɗa tsingaro, a ɗora shi kan duwatsu. Ƙasar lambu kashi biyu, yashi ɗaya, kashin awaki wanda ya shekara ɗaya. Kada ki binne inabin fiye da inda ƙasa ta tsaya masa a da. Amma in ta ni ce, ɗanki ya fasa simintin nan kamu huɗu ta kowane gefe a ƙofar ɗakin Malam, a sa shi a ƙasa. Takardar canji ta daina zuwa gidanku. A jiƙa shi sosai, a kare shi da zana sati biyu, takin zamani kuma kada ya kusance shi sai bayan wata biyu.

Ranar da za a tsage garwar, Suwaibatu ta riƙe maki gindin shukar. In saiwar ta bayyana, ki ce mata kin gani, ta yafe maki, a gaban ƙannenta, ki kuma aika Mabai a shaida wa baƙin nan. Girmanki ba zai ragu ba. Zancen Ƙetare bar shi sai bayan haka, ina jin da kanta za ta janye. Allah ya jiƙan Malam, ya nuna maki ranar da za ku ci 'ya'yan inabin nan ke da ita.

Wasiƙarki ta sa na kifa tukwanen furannina, biyu na tarar saiwarsu a naɗe, alhali ni ma na sha yi wa 'yata Alheri faɗa a kansu. Don haka na kafa doka a gidana: kowace shekara in ruwan farko ya sauka a duba gindin kowace tukunya, kuma ba a ƙara kiran yaro maƙaryaci sai ni uwar na ɗauki butar na zuba da kaina.

Hajiya Hajaratu