Ina ɓatar da abokina a cikin gem da gangan

Assalamu alaikum masu kula da wannan shafi. A ɓoye sunana don Allah, kuma a yi mini sassauci, na san za a ce magidanci da furfura yana kawo ƙarar gem. Na gaji ne, ba ni da wanda zan faɗa wa.

Ina da aboki tun yarinta a nan Sakkwato, bari in kira shi Bulus. Mahaifinsa malamin makaranta ne, a gidansu na fara ganin gem mai kaset da ake jonawa da talabijin. Akwai wani da muka fi so, na jarumin da ke yawo gari-gari yana yaƙar dodanni. Ni ke riƙe madanni, shi yana karanta Turancin yana fassara mini, don a lokacin ban iya ba. Irin labarin da yake ba ni! Sarauniyar da aka ci amana, ɗan'uwan da ya ɓace, har ƙwalla na taɓa yi. Ba mu taɓa kaiwa ƙarshe ba, kullum sai an ɗauke wuta.

Bara Bulus ya samu shanyewar ɓarin jiki. Likita ya ce ya riƙa motsa yatsunsa, sai ya sa aka nemo masa tsohon gem ɗin, ya ce in riƙa zuwa gidansa a Dundaye ranar Asabar. Yanzu shi ke riƙe madanni, ni ke karatu, tunda magana tana masa nauyi. Jama'a, ashe babu komai a ciki! Mutanen garin ba abin da suke cewa sai sannu da zuwa, dodo yana gabas. Babu sarauniya, babu ɗan'uwa, duk Bulus ne ya ƙirƙira. Tafiya ce kawai, ka danna, dodo ya mutu, wani ya fito da sabon launi. Wannan ne na yi shekara da shekaru ina kewa? Haushi ya sa na leƙa ƙarshensa a waya. Ƙofa ce ta buɗe, aka rubuta an gode, shi ke nan.

Ga inda laifina yake. Bulus ya sa rai a wannan ƙarshen kamar ranar da zai warke ce. Na kasa barinsa ya gani. Sai na fara yi masa karatun ƙarya. In an ce gabas in ce yamma, in an ce ya nemi mabuɗi in ce ya koma daji. Idonsa yana kan yatsunsa, bai lura ba. Watanni muna zagaye wuri ɗaya, ni ina hamma a ɓoye, shi yana gumi. Kunya nake ji wallahi.

Asabar da ta wuce dodo ya sake kashe shi a dajin da na tura shi. Ya ajiye madannin a hankali ya ce, "Mutumina, hannun ga ya mutu. Don mi za mu yi ta wahala?" Na ce, "Haba, ka kusa hwa." Da zan tafi matarsa ta biyo ni bakin ƙofa ta ce, "Malam, tun da kunka maƙale wurin ga ya bar motsa hannun in ba ka nan. Cewa yake babu amfani."

In na nuna masa hanya, Asabar ɗaya za mu gama, ya ga abin da ya sa wa rai fanko ne. In na yi shiru, zai ci gaba da zargin hannun da ba shi da laifi. In kuma na faɗi gaskiya, da wane ido zai kalli wanda ya zauna kusa da shi yana ɓatar da shi? Jibi Asabar, kuma ya aiko cewa ba sai na zo ba. Me zan yi?