Ƙayar da Ta Raba Ka da Gona

Zuwa ga mahaifina, Malam Audu na Ba'awa. Bayan gaisuwa da ladabi, Allah ya kai haske kabarinka.

Baba, labarin ƙafa na kawo maka, kuma mai daɗi ne.

Ka tuna yadda ka koya mana shuka: kai a gaba kana sara da sungumi, mu a baya muna jefa iri muna rufewa da diddige. Kakan ce mai takalmi bai san danshin gonarsa ba. Haka ƙaya ta soke ka wata damina, ka zare ta, ka shafa yawu, ka ci gaba da aiki.

Ƙulli ya fito a wurin, ba zafi. Shekaru na tafiya ƙafar na kumbura, ta huhhuje tana fitar da baƙaƙen ƙwayoyi kamar gero. Kai kuwa ko ciwon kai ba ka sani ba, mutumin da ke ɗaga buhun gyaɗa shi kaɗai! Shi ya sa kowa ya ce jifa ne. An yi hayaƙi, wanzami ya yi tsaga, duk a banza. Ganinka zaune a zaure kana bin masu tafiya gona da ido, har yau yana min ciwo.

Bana na ga irin ƙullin nan a diddigena. Ban saurari kowa ba, har da ƙanenka Baffa Sule da ya zo da turarensa. Na hau motar gyaɗa zuwa Kano. Likita ya ce wani abu ne dangin fumfunar da ke kama kwanannen tuwo. A ƙasa yake zaune, ƙaya ke shigar da shi, bai cika kama mutane ba, amma ba ruwansa da ƙarfin mutum. Likitan ya yanke ƙullin tun yana ƙarami, ya ce in riƙa duba wurin.

Na sa baduku ya ɗinka min takalmi, har da na jikokinka. Ranar shuka an sha dariya, wai ɗan Audu ya zama ma'aikacin En'e. Su yi ta yi. Ka yi haƙuri, Babana, wannan koyarwar taka kaɗai na ajiye.

Da ƙafar nan na rufe irin dawa a gonarka, tun daga bakin hanya har gindin tsamiyar da ka daina kaiwa.

Allah ya sa ciwon da ka sha ya zame maka kaffara, ya tashe ka da ƙafafunka lafiya.

Ɗanka mai kewarka,
Garba