Bidiyon Iya a Shafin Jarida

Yaya Hamsatu,

Ina gaishe ki. Ya jikin Iya, ya mutanen Dogon Dutsi? Ni lafiya lau nake a Kwatano, abinci ne dai ba ya shiga.

Ranar da jaridarsu Jibrilla ta bar takarda ta koma waya, ranar na rasa mijin da na aura. Na ɗauka marubuci ne irin na cikin littattafaina, ashe masu kallo yake nema. Bidiyon da kika turo mini, na Iya lokacin da doguwa ta hau ta, shi ya ɗora a shafinsu. Mutanen da ba su san ta ba suna ta dariya. Da na yi masa magana, wai, "Aiki ne, Hidaya." Uwar tawa?

Kada ki nuna mata, Allah ya ba ta lafiya. Ki share mini ɗaki, ranar Asabar zan hau mota.

Ƙanwarki,
Hidaya