Kwandonmu Ya Gaza da Taƙi Ɗaya

Assalamu alaikum Yaya Bello,

Ina fata kana lafiya, kai da Anti Hadiza da yara. Ya aiki, ya zaman Legas? Inna tana lafiya, an fara yankan gero a Tozai.

Yaya, na yi kuskure a makarantar da nake koyar da ƙwallon kwando a Isa. Da za a kafa ƙarfen kwando na ba da awo: ƙafa biyu a ƙasa, goma a sama, kamar yadda muke wasa a kwaleji. Mai gini ya ga wurin yashi ne, ya ƙara nutsa shi taƙi ɗaya don kada iska ta kayar. Bai gaya mani ba, ni kuma ban sake aunawa ba.

Wata uku yarana suna jifa a gajeren kwando, ina ta yabon kaina. Sai ranar Litinin na yi shakkar tsayinsa, na ari tef ɗin tela, na auna sau uku: bai kai ƙafa goma ba. Gasar makarantu saura kwana tara.

Jiya na sa aka ɗaga shi a ɓoye. Sani, gwaninmu, ya jefa goma, biyu suka shiga. Ya ce, "Malam, ko an yi mana baki ne?" Sauran suka yi dariya, shi bai yi ba.

Gobe za ni tara su in ce laifina ne, ba na hannunsu ba. Ka yi mani addu'a kada su daina saurarena. A gaida Kawu.

Ƙanenka,
Nasiru