Wayar da Ba Ta Fito a Hoto Ba

Jega

Zuwa ga Yaya Atika,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da yara. Yaya jikin Baba? Ki gaishe shi da kyau, ko da da ka kawai zai amsa, kamar yadda ya saba amsa tawa gaisuwar.

Na dawo daga tafiyar nan. Malam Zakariyya na jami'ar Aliero ya kai ɗalibansa wani gidan namun daji can nesa, ya tafi da ni in yi musu hotuna. Yaya, na ga damisa. Ba a ƙuntataccen keji take ba. An yi mata fili mai faɗi, da duwatsu da ciyawa da wata ƙatuwar bishiya, aka kewaye da waya. Ɗalibai suka gaji da jira suka tafi kallon birai, ni kuwa na zauna har ƙafata ta sage. Can da la'asar ta sauko daga reshe, ta tsaya ta ƙura mini ido.

Mu masu hoto muna da wata dabara: in ka manna bakin kyamara a jikin waya, wayar ba ta fitowa. Haka na yi. Ga hoton nan na ba Barau direba ya kawo. Tun da na buɗe shago sai angwaye da hoton fasfo. Wannan ne na farko da na ɗauka don kaina.

Ki huta lafiya.
Ƙaninki, Junaidu

*

Giwa Tazo

Junaidu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, yara suna gaishe ka. Amma hotonka ya ja mana magana.

Barau sarkin rawar kai ya tarar da Baba a ƙofar gida, ya miƙa masa hoton tun kafin takardar ta iso hannuna. Baba ya kai shi kusa da idonsa mai gani, ya daɗe yana kallo, sai ya ce, "Wanga daji na. Ga dutsi, ga haki. Junaidu yat tsaya gaban damisa, tad dube shi, bai gudu ba!"

Ka san al'adar maharban garinmu: kwarin kibiyoyin shugaba, wanda ke hannun Baba yanzu, ba ya zuwa hannun kowa sai wanda ya taɓa tsayawa gaba da gaba da naman da ke kisa, a cikin daji. Tun da ka zaɓi kyamara ka bar baka, Baba ya haƙura zai ba Ɗalha ɗan Baffa Rilwanu, tunda shi ya taɓa tare kura. To yanzu ya tara dattawan maharba ya nuna musu hoton. Sun ce in an gama yankan gero za a ba ka kwari.

Sai daga baya na karanta takardarka, na ga maganar waya. Na ninke ta na cusa ƙarƙashin katifa.

Ka saurare ni, ni ce babba. Mutumin da sai na yi ta lallashi kafin ya yi loma uku, ranar nan ya cinye tuwonsa tas, har ya nemi ƙari. Duk wanda ya shigo sai ya ce, "Kun ga aikin ɗana?" Rabon da in ji ya ce maka ɗana, tun kana yawo ba wando. Wa zai tashi daga Giwa Tazo ya je neman waya? Ka ja bakinka ka yi shiru, ka zo ka karɓa.

Allah ya bar zumunci.
Yayarki da ta goya ka, Atika

*

Jega

Yaya Atika,

Bayan gaisuwa da ban girma, takardarki ta iso. Da na zo wurin "ɗana" sai na rufe shago na zauna. Ba zan ɓoye miki ba, na yi kuka. Kalmar nan na daɗe ina nemanta a bakin Baba, ke ma shaida ce.

Amma Yaya, lokacin da damisar nan take dubana, a kan benci nake zaune, da ƙullin gyaɗa a aljihuna. Ɗalha kuwa har yau akwai tabon kura a cinyarsa. In na rataya kwarin nan, duk sanda Baba ya dube ni da farin ciki, wani mutum yake duba, ba ni ba.

Na kuma yi ta tunanin ita damisar. Duwatsun nan da mota aka kawo mata su, naman da take ci a bokiti yake zuwa. Masu wurin sun kyauta mata iyakar ƙoƙarinsu, amma ta san inda filinta ya ƙare, don a nan sawunta ya kashe ciyawa. Na ɓoye wayar ne don in ba ta dajin da ba ta da shi, ko da a takarda. Ban san da hakan zan ba kaina jaruntakar da ba ni da ita ba.

Ga wani hoton da na ɗauka daga baya-baya. Akwai wayar, akwai bencin, har da wata mai sayar da zoɓo a gefe. Don Allah ki ba Baba kafin a gama yankan gero.

Ki yafe mini nauyin da na ɗora miki.
Ƙaninki, Junaidu

*

Giwa Tazo

Junaidu,

Na gaishe ka, amma raina a ɓace yake. Kana can Jega ƙarƙashin fanka kana tsara gaskiya, ni ce zan zauna in ga tsoho ya ture kwano. Ba zan ba shi ba. Yanzu haka yana tsakar gida yana shafa wa kwarin mai, yana gyara maratayinsa daidai tsawonka. In kana da ƙarfin zuciyar, ka zo ka ba shi da hannunka.

Sai ka ji ni.
Atika

*

Giwa Tazo

Ƙanina Junaidu,

Salama da gaisuwa. Na ba Baba hoton. Ɗalha ne ya zo da zabuwa, ya ce a aika maka ta murna, fuskarsa wasai, ba ko ɗigon hassada. Bayan fitarsa na kasa zama.

Baba ya dubi hoton ya ce, "Ashe ita ma tsare ta anka yi." Tuwon ranar bai taɓa shi ba. Da safe ya ɗauki sandarsa, ya hana kowa raka shi, ya bi dattawan gida gida ya gaya musu. Wasu sun yi dariya, na ji. Kwari na Ɗalha ne.

Da ya dawo ya ce in rubuta maka: "Ki hwaɗa mai shi taho da abin nan nai. Ban taɓa son a ɗauke ni hoto ba, amma shi na yarda da shi. Shi ɗauke ni yadda nike, da sanda, da idon ga da yam mutu. Kar shi ɓoye komi."

Na fito masa da babbar rigarsa zan wanke, ya ce a'a, da ta gona zai tsaya.

Allah ya kawo ka lafiya.
Yayarka, Atika